Kwana Tara a Layin Maɗinka

Mu'az ɗan asalin Zoza ne, amma tun da ya yi aure ya koma Rogo Sabon Gari da zama. Direba ne, yana da wata tsohuwar motar kaya mai bodin katako, wadda ya gada a hannun kawunsa bayan ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa masa ita. Aikinsa ɗaukar amfanin gona, rake idan lokacin rake ne, dawa da masara bayan kaka, wani sa'in har shanu. Mutum ne mai son hira da raha, sai dai in ya hau kan sitiyari ba ya ƙaunar abin da zai ɓata masa minti guda. Duk wata hanyar yanke da ke tsakanin Rogo da Kano ya san ta.

Ɗaya daga cikin hanyoyin nan ita ce Layin Maɗinka, a cikin garin Karaye. Wani siririn layi ne da ya taso daga titin Rogo ya ɓulle a bakin kasuwa, tsawonsa bai fi tafiyar minti huɗu da ƙafa ba. Shagunan teloli ne jere a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma gidajen mutane da wani ɗan ƙaramin masallaci. Asali ba don mota aka yi shi ba. Amma tun da aka zuba masa kwalta shekarun baya, direbobi suka gane ya fi kusa, sai ya zama daga asuba zuwa magariba babu abin da ake ji sai ƙarar babura da A-Daidaita-Sahu da manyan motoci. Mu'az ya bi layin nan ya fi sau ɗari, amma bai san fuskar mutum ko ɗaya a cikinsa ba. Abin da ya sani shi ne ya danna ham tun daga bakin layi, mutane su manne da bango har ya wuce.

Wata ranar Litinin da hantsi ya ɗauko rake daga wata fadama, ya karyo kwana zai shiga layin kamar yadda ya saba. Sai ga wani mai A-Daidaita-Sahu ya fito da gudu. Mu'az ya murza sitiyari ya kauce masa, tayar baya ta zurma cikin lambatu, aka ji wani ƙarfe ya ce ƙas. Motar ta karkace ta gitta bakin layin, gabanta ya kusa taɓa bangon masallaci, bayanta ya jingina da dakalin wani shago. Ɗan wurin da ya rage bai wuce mutum ɗaya ya raɓa ya wuce da ƙafa ba.

Ya sauko yana salati, ya shirya wa zagi. A bayansa masu motoci suna ta ham, wasu na leƙo kai suna faɗar abin da ya zo bakinsu, har suka gaji suka juya. Daga shagon da motar ta jingina da dakalinsa sai wani dattijo ya fito, siriri mai farin gemu, da awon tela rataye a wuyansa. Shi ne Malam Liti, wanda ya fi kowa daɗewa a teloli na layin.

"Sannu, direba. Ba ka dai ji ciwo ba ko?"

"Lafiya lau, Baba. A yi haƙuri don Allah, na tare muku hanya, na kuma ɓantare muku dakali."

"Dakali ai siminti ne, a sake shafewa. Zo ka zauna ka sha ruwa tukuna."

Aka kira Lukumanu bakanike, wanda garejinsa ke bayan kasuwa. Wani ɗan gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tsaran Mu'az. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwase, sannan ya fito yana goge hannu.

"Aksul ne ya karye, ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Kuma irin na motar nan an daina yayinsa, sai an bincika a Kano. Ba za ta jawu ba yadda ta zauna ɗin nan, in aka ja ta da ƙarfi shagon Baba Liti za ta tafi da shi. A nan za a gyara ta."

"Kwana nawa?"

"In Allah ya sa an dace, biyu ko uku."

Kafin la'asar an samo wata mota an juye raken, mai kayan ya bar dami guda ya ce a raba wa mutanen layi, ban haƙuri. Mai unguwa Halliru ya zo ya zagaya motar, ya ce a hanzarta. Mu'az kuwa ba zai iya tafiya ya bar motarsa a garin mutane ba, don haka Malam Liti ya sa aka share masa zauren gidansa, aka shimfiɗa masa tabarma da katifa. Ya buga wa matarsa Na'ima waya ya gaya mata abin da ya faru, ta yi masa jaje, ta ce Allah ya tsare gaba.

Washegari bayan an fito sallar asuba, Mu'az ya lura mutane ba su watse ba. Sun tsaya a ƙofar masallaci suna gaisawa a tsanake, wasu ma a tsakiyar kwalta. Tun da bakin layi a toshe yake, masu shigowa ta ɓangaren kasuwa ma sun daina, don babu inda za su ɓulle. Ana jin kukan kurciya daga bishiyar cikin wani gida. Da rana ta ɗaga, ana jin ƙarar keken ɗinkin da ke can ƙarshen layi.

Malam Liti ya tsaya a ƙofar shagonsa ya saurara. "Kai, ashe keken Sulle har yanzu yana wannan kukan. Na ɗauka ya canza shi tuni."

Da hantsi wata Bafulatana mai kimanin shekara sittin ta raɓo ta gefen motar da ƙwarya a kai. Ta dubi gabas ta dubi yamma, sannan ta sauke ƙwaryar a inuwar bodin motar, ta zauna ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta. Sunanta Safiyatu, daga wata ruga kusa da Kafin Dafga take kawo fura da nono. Mu'az, da yake mahaifiyarsa Bafulatana ce, ya gaishe ta da Fulatanci. Ta amsa da fara'a, suka daɗe suna tambayar juna mutan gida da shanu, sannan ta koma Hausa don teloli su ji.

"Motarka ce wannan, ɗana?"

"Tawa ce, Inna."

"To Allah ya yi mata albarka. A daidai nan nake zama kafin a zuba kwalta. Wata rana babur ya kwashe mini ƙwarya, nono ya malale har ƙofar masallaci, tun daga ranar na koma can bakin tasha cikin rana." Ta dama masa fura ta miƙa masa. "Akwai wata mota mai mugun ham, kamar kukan jakin da aka hana ruwa. In na zo wucewa ta nan na ji ta, gabana faɗuwa yake. Sau biyu tana sa ni tsallaka lambatu da ƙwarya a kai, ni da gwiwata."

Mu'az ya sunkuyar da kai cikin kwanon fura.

"Ko ka san mai ita?"

"Na san shi, Inna. Ba shi da kirki sosai."

Ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki, telolin ma suka taya ta. Ashe tun daga nesa ta gane motar. Mu'az ya yi dariyar shi ma, amma maganar ta zauna masa a rai. Shi dai a saman sitiyari abin da yake gani shi ne kawuna suna kaucewa, bai taɓa tunanin gwiwar kowa ba.

Kafin Laraba layin ya zama wani wuri daban. Teloli suka fito da kekunansu waje saboda iska, suna ɗinki suna hira daga wannan gefe zuwa wancan. Dattawa suka fito da allon dara suka kafa a gindin bangon masallaci. Bayan an taso daga makaranta 'yan mata suka zana gidan 'yar gala-gala da gawayi a kan kwalta, maza na langa, babu uwar da ta leƙo tana kiran ɗanta ya shigo gida. Mai shayi ya ƙaro benci biyu. Wani ma ya ɗaura igiya daga bodin motar zuwa tagarsa ya shanya yadi. Mu'az ba ya rasa abinci, kwano na tafiya wani na zuwa, har ya fara jin kunya. An koya masa yadda ake saka maɓalli, ya saka guda uku a karkace, aka ce ya bari haka nan.

Sai dai hankalinsa na kan aiki. Manoman da suka saba ba shi kaya suna ta kira, wasu sun fara neman wata mota. Kullum da safe sai Lukumanu ya zo ya zagaya motar, ya buga taya da ƙafa.

"An samo?"

"Ana nan ana nema."

Ranar Alhamis ya ce an samo amma bai yi daidai ba, an mayar. Ranar Juma'a ya ce mai shagon kayan gyaran a Kano ya tafi ɗaurin aure. A ranar ne Na'ima ta ce masa a waya, "Maigida, anya gyaran mota kake yi a Karayen nan? Muryarka ta yi kama da ta wanda ake ba shi kaza." Ya rantse mata gyara yake jira, ko da yake gaskiya an ba shi kazar.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a, Mu'az ya ce bari ya je garejin da kansa, ya karɓi lambar mai shagon na Kano. Ya tarar da Lukumanu zaune a kan taya, gabansa kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe. Mu'az ya gane kwanon, irin na gidan Malam Liti ne mai ɗigon ja a murfi. Ya zauna a benci zai yi magana, sai dugadugansa suka bugi wani abu mai nauyi a ƙarƙashi, naɗe cikin buhu. Ya sunkuya ya buɗe bakin buhun. Aksul ne, an wanke shi tas an shafa masa giris.

Lukumanu ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Na wace mota ce wannan?"

"Wallahi ba zan yi maka ƙarya ba. Naka ne."

"Yaushe ya zo?"

"Laraba da yamma."

Mu'az ya miƙe tsaye. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya rasa ta inda zai fara. "Kai ma da hannunka kake ci kamar ni. Ka san abin da ake nufi mutum ya kwana huɗu motarsa a kwance, iyalinsa a wani gari. Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Su Baba Liti ne suka zo mini su biyar. Gobe Asabar sunan jikarsa, kuma gidan ba shi da fili. Suka ce in ɗan ja ƙafa zuwa jibi, su yi taron a waje ko sau ɗaya a rayuwarsu. Na ce ba zan iya ba. Sai aka fara aiko da tuwo." Ya dubi kwanon. "Ni kuma ka ga ban da mata a garin nan."

Mu'az ya juya ya koma layi. Ya sami Malam Liti shi kaɗai a shago yana yanka shadda. Ya gaishe shi, ya tsuguna, don ko cikin fushi ba ya iya yi wa dattijo magana a tsaye.

"Baba, daga garejin Lukumanu nake. Na ga ƙarfen."

Malam Liti ya ajiye almakashi. Ya zare gilashinsa.

"Ba mu kyauta maka ba, ɗana. Ni na kawo shawarar, kada ka riƙe Lukumanu. Shekara goma sha biyar rabon da in zauna a ƙofar gidana in sha iska. Jikokina in za su tsallaka wurin mai shayi sai an riƙe musu hannu. Da muka ga yadda kwana biyun nan suka kasance, sai son zuciya ya kama mu, muka manta kai ma kana da bakunan da kake ciyarwa. Ka yafe mana. In ka ce a ɗaura yau, yanzu zan aika a kira shi."

"Da kun tambaye ni, Baba."

"Da mun tambaye ka. Tsoron kada ka ce a'a ne ya hana mu."

Mu'az ya dubi waje. Wata tsohuwa ce ke tsallaka layin da sanda, tana tafe a hankali, ta tsaya a tsakiya ta gyara mayafi, babu mai hanzarta ta. Ya ji fushin yana sauka, ko da yake bai so ya sauka da wuri haka ba.

"A bar ta zuwa jibi," ya ce. "Amma ku za ku yi wa matata bayani."

Malam Liti ya karɓi wayar da kansa. Ya gaisa da Na'ima, ya ba ta haƙuri, ya kuma gayyace ta suna. Washegari da safe sai ga ta a motar haya da 'yarsu ƙarama a goye, da ƙullin sabulu da atamfa na barka.

Aka yi suna a tsakiyar Layin Maɗinka. Tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi daga ƙofar masallaci har shagon Sulle, liman ya raɗa wa jaririya suna Fatimatuzzahra, aka raba goro da dabino. Da rana mata suka karɓe wurin, aka kafa tukwane a bakin lambatu, ƙamshin waina ya cika unguwa. Safiyatu ta sayar da ƙwarya biyu kafin azahar. Lukumanu ya zo da sabuwar hula, yana ta kauce wa idon Mu'az, har sai da Mu'az ya kira shi suka ci a tire ɗaya. Wata mata daga cikin 'yan biki ta ɗaure wa madubin motar kallabi, aka ce ita ce babbar baƙuwa.

Ana cikin cin abinci Malam Liti ya ce, "To, gobe war haka mun koma gidan jiya."

Mu'az ya tauna abin da ke bakinsa ya haɗiye. Tun jiya yake juya wata magana. "Baba, kun san abin da ya sa muke bin layin nan?"

"Saboda ya fi kusa."

"Ba shi kaɗai ba ne. Akwai tsohuwar hanya ta bayan injin niƙa, ta fi wannan faɗi sau biyu, kuma babu gidan kowa a bakinta. Ita ma bakin kasuwa take ɓullewa. Wani rami ne a tsakiyarta, da damina ya zama tafki, da rani ya karya wa mota sifirin. Shi muke gudu. Ni kaina da za a cike shi, ba abin da zai kawo ni nan in riƙa goga bodi da bangon mutane."

Dattawan suka dubi juna. Duk sun san ramin, amma da yake babu mai mota a cikinsu, ba wanda ya taɓa haɗa shi da damuwarsu.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa Halliru. Ba kowa ne ya zo da murna ba. Alhaji Zubair, mai kantin buhunan shinkafa da sukari a tsakiyar layin, ya ce kwana shida ke nan ana sauke masa kaya a bakin kasuwa ana turowa a baro, ya gaji. Nasiru, shugaban 'yan acaɓa na tashar kasuwa, ya ce su fasinja suke kaiwa har ƙofar gida, in an rufe layi me za su gaya wa mai jego ko marar lafiya. Aka fara ɗaga murya, mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Baƙonmu yana da magana. Bismilla, direba."

Mu'az bai saba magana a taro ba, sai da ya gyara murya sau biyu. "Ranka ya daɗe, ni ne na jawo duk wannan, a yi mini afuwa. Ni direba ne, ba na son a rufe hanya. Amma na zauna a layin nan kwana shida, na ga abin da ban taɓa gani ba daga saman mota." Ya yi bayanin ramin bayan injin niƙa. Sannan ya juya wajen Alhaji Zubair. "Alhaji, motar kayanka yaushe take zuwa?"

"Da sassafe, sau biyu a mako."

"To a toshe bakin layin nan na ɓangaren titin Rogo gaba ɗaya. Ɓangaren kasuwa kuma a sa sarƙa, a buɗe daga asuba zuwa ƙarfe takwas, mota ta shigo ta sauke ta fita da baya. Babu mai kayan da zai ƙi wannan, mu ma mun fi son sauke kaya kafin rana ta yi zafi."

"Mu fa?" in ji Nasiru.

"Ku ajiye fasinja a bakin sarƙa. In marar lafiya ne ko tsoho, a kashe babur a turo shi, ko a buɗe sarƙar. Makulli ya zauna a shagon da ya fi kusa."

Nasiru ya ce turin babur da mutum a kai ba wasa ba ne. Sulle tela ya ce masa ai shi ma 'ya'yansa biyu a layin nan suke zuwa Islamiyya, kuma jiya an gan shi zaune a bencin mai shayi har ya yi gyangyaɗi. Aka yi dariya, Nasiru ya ce gyangyaɗin gajiya ne, amma bai ƙara musu ba. Alhaji Zubair ya ce shi sai ya gani a ƙasa tukuna. Mai unguwa ya ce wannan ba abin da zai yanke shi kaɗai ba ne, zai kai wa dagaci, a kuma sanar da ƙaramar hukuma.

Saboda taron, sai ranar Litinin Lukumanu ya ɗaura aksul, cikin awa uku ya gama, abin da ya sa Mu'az ya harare shi. Aka sa jak da katakai aka ɗago tayar daga lambatu. A ranar wani jami'i daga sashen ayyuka ya zo tare da wakilin dagaci. Ya auna faɗin layin, ya je ya leƙa ramin bayan injin niƙa, ya sha furar Safiyatu, sannan ya ce a gwada na wata uku a gani, in babu ƙorafi sai a rubuta. Kafin Mu'az ya ja motar daga bakin layi, matasa sun gangaro da durom huɗu, yana janye ta aka jera su a gurbinta, aka cika su da ƙasa.

Talata aka yi gayya. Mu'az ya yi sawu bakwai yana kwaso marmara daga wani kududdufi da ya ƙafe a bayan gari. Teloli da ba su saba riƙe shebur ba suka yi ta haki, hannayensu suka yi bororo. 'Yan acaɓa su goma sha biyu suka zo da Nasiru a gaba, su ne ma suka fi kowa aiki, don sun ce in za a kore su zuwa wata hanya, gara ta zama mai kyau. Alhaji Zubair bai zo ba, amma ya aiko da buhun ruwan leda uku. Da la'asar aka daddaɓe wurin, Mu'az ya bi ta kai da motar gaba da baya har ya kwanta.

Laraba da safe ya yi sallama. Aka cika masa gaban mota da tsaraba, har da 'yar riga da aka ɗinka wa 'yarsa. Ya fita ta bayan injin niƙa ya kama hanyar Rogo.

Bayan kamar mako shida aiki ya sake biyo da shi Karaye. Ya ajiye motar a bakin kasuwa ya taka da ƙafa. An shafa wa duromomin farin fenti, an dasa dogon yaro a cikin biyu, mangwaro a cikin biyu, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Sarƙar na nan, makullin kuwa ya koma hannun Alhaji Zubair, wanda yanzu ya fito da teburi ƙofar kanti yana sayar da kayan sanyi ga masu zaman hira. Lukumanu kuwa, aka ce ana maganar aurensa da wata ƙanwar Sulle.

Ya tarar da cincirindo a bakin sarƙar ana gardama. Wani makiyayi ne daga wajen Kafin Dafga ya zo da amalanken shanu ɗauke da harawa, zai kai wa wani gida a tsakiyar layi, ga shi ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Wasu sun ce amalanke mota ce tunda tana da taya. Makiyayin ya ce shi bai taɓa zuba wa bijimansa fetur ba.

Malam Liti ya hango Mu'az. "Yauwa, ga mai shari'ar ya zo. Sannu da zuwa, ɗana. Ya hanya, ya mutan gida?"

Sai da aka gama gaisawa tsaf, sannan aka maimaita masa ƙarar daga farko, kowa na ƙara nasa. Mu'az ya zagaya amalanken, ya duba tayoyin, ya dubi bijiman biyu da ke tsaye suna tuƙa abinsu.

"Tayar mota ce a jikinta, wannan babu musu," ya ce. "Amma direbobin da ƙafa suke tafiya. A buɗe musu, da sharaɗin in sun bar wani abu a kan kwalta, mai su ya kwashe."

Alhaji Zubair ya buɗe sarƙa. Bijiman suka shiga a hankali, 'yan dara suka ɗauke allonsu suka ba su hanya, suka mayar bayan sun wuce. Ba su yi taku ashirin ba na hagun ya ɗaga wutsiya, a daidai ƙofar shagon Sulle. Makiyayin ya tsaya ya dubi abin, ya dubi jama'a, sannan ya tambaya ko akwai mai aron shebur.

Mu'az ya zauna ya ci waina biyar, aka ƙunshe masa wasu na gida. Ya yi azahar a ɗan masallacin, sannan ya koma wajen motarsa, don akwai buhunan masara da ke jiransa a Zoza kafin la'asar.